Wolfram Alpha da binciken halayen manyan lambobi

Shafin Wolfram Alpha, wanda kamfanin Stephen Wolfram na jihar Ilinoi a Amurka ya ƙaddamar a watan Mayun 2009, yana lissafa amsa da kansa ne maimakon ya jero wa mai tambaya adireshin wasu shafuka. Domin a auna ƙwarewarsa a kan manyan lambobi, babu zakaran gwajin dafi irin 4,294,967,297, wato 2 sau 2 har sau 32 sannan a ƙara 1.

Lambar tana da tarihi. Masanin lissafi ɗan Faransa, Pierre de Fermat, ya zaci cewa duk lambobin da ke jerin 3, 5, 17, 257, 65,537 da na gaba da su (ana samun kowace ta gaba ne idan aka cire 1 daga wadda ta gabace ta, aka ninka abin da ya rage da kansa, sannan aka ƙara 1) ba sa rabuwa sai da 1 ko da kansu. Wannan lambar ce ta shida a jerin, kuma ita ce ta rushe zaton, lokacin da wani masanin lissafi, Leonhard Euler, ya nuna a 1732 cewa 641 sau 6,700,417 ne suka haife ta.

Da zarar an rubuta ta a akwatin tambaya, cikin daƙiƙa kaɗan shafin zai fito da waɗannan lambobi biyu, ya bayyana cewa mara ce ba cika ba, ya kuma nuna siffarta a lissafin kwamfuta na sifili da ɗaya: 1, sai sifili 31, sai wani 1. Idan aka nemi masu raba ta, guda huɗu kacal za a gani, kuma in an cire ita kanta aka tara sauran ukun, 6,701,059 ake samu, abin da ya sa masana ke sa ta cikin lambobin da jimillar masu raba su ba ta kai su ba. Duk wannan kyauta ne, kuma ko a wayar hannu yana buɗewa.

Inda shafin ya gaza, a ganina, shi ne wajen dalili. Ba zai gaya wa ɗalibi cewa Euler bai yi ta lalube ba ne. Euler ya fahimci cewa duk mai raba wannan lamba dole ya zama ninkin 64 da ƙarin 1, kuma 641 shi ne 64 sau 10 da ɗaya. Bayanin mataki-mataki sai wanda ya biya kuɗin Pro, wato tsarin shafin na masu biyan kuɗi, tambaya kuma galibi da Turanci ake yin ta. Haka nan akwai iyakar lokacin lissafi, don haka lamba mai ɗaruruwan alƙaluma da aka samar daga manyan lambobi biyu marasa rabuwa, irin da ake kare asirin bankuna da ita, ta fi ƙarfinsa.

Malamin sakandare da ke son tabbatar da amsa kafin ya shiga aji zai ci moriyarsa ƙwarai, amma ɗalibin da ke neman sanin yadda aka kai ga 641 sai ya haɗa da littafi da malami.