Gargaɗi ga masu tsofaffin injinan sassaƙa ƙarfe: a kula da masu sayar da sukurun tebur na bogi

Ina jan hankalin duk mai tsohon injin milin, wato injin sassaƙa ƙarfe, wanda teburinsa da ake ɗora aiki a kai ya cije, domin akwai masu fakewa da wannan matsala suna damfarar mutane a intanet, kuma ni kaina na faɗa hannun ɗaya daga cikinsu.

Injina ƙirar Bridgeport ne da ya shekara biyu a ajiye, kuma da na zo juya hannun tebur ko gezau bai yi ba. Wani mai tallan kayan gyara ya nemi hoto, yana gani ya yanke hukunci cewa dogon sukurun da ke jan tebur ya lanƙwashe, ya ce yana da na asali guda ɗaya tak wanda wani ke shirin ɗauka, saboda haka sai in biya kuɗin gaba ɗaya a ranar. Babu makanikin kirki da zai gane lanƙwasar sukuru daga hoto, domin sai an zare shi an mirgina shi a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe ake ganin ta, amma gaggawa ta rufe mini ido.

Abin da ya iso hannuna sanda ce mai haƙora masu tsini na digiri 60, irin ta ɗaure kaya, an goge ta tana sheƙi. Sukurun injin kuwa haƙoran Acme gare shi, masu faɗin kai, na digiri 29, guda 5 a kowane inci. Ko zagaye ɗaya sandar ba ta shiga notin tagulla da sukurun ke juyawa a ciki ba, kuma da a ce na tilasta ta, da ta cinye shi. Da na nemi mutumin, sai na tarar ya yi ɓatan dabo. A kuma kiyaye da wanda zai miƙo sukuru mai tazarar milimita 5 tsakanin haƙora a madadin na inci, wanda tazararsa milimita 5.08 ce, domin a ido kamar ɗaya suke.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sukuruna lafiyarsa ƙalau. Wani a baya ya ɗura giris a kafofin da aka yi domin mai, giris ɗin ya haɗu da ɓarɓashin ƙarfe ya daskare kamar ƙaro. Na kwance makullan tebur, na sassauta siririn ƙarfen da ake kira gib, mai daidaita matsewar tebur, na jiƙa hanyoyin da tebur ke zamewa a kansu da kananzir na kwana uku ba tare da na ɗaga guduma ba, sai tebur ya fara motsi. Idan kuma a ƙarshen tafiya kaɗai yake cijewa, galibi an matse notin ne daidai da tsakiyar sukurun, inda ya fi cinyewa.

Duk wanda za ku sayi sukuru a wurinsa, ku nemi ya ɗora ma'aunin haƙora a kansa ya ɗauki hoto, ya faɗi kauri da tsawo, kuma ku biya ta hanyar da ke ba da damar maido da kuɗi.