Wace kyamarar tarko ya kamata ɗalibin kimiyyar muhalli ya saya?

Duk ɗalibin digiri na biyu ko na digirgir da zai yi bincike kan namun daji, ba zai daɗe ba zai iso kan maganar kyamarar tarko, wato kyamarar nan da ake ɗaurewa a jikin bishiya a bar ta makonni tana ɗaukar hoton duk abin da ya gifta. Kuɗin tallafin bincike kaɗan ne, lokacin shiga daji kuma ƙayyadadde, don haka sayen farko shi ne sayen ƙarshe ga yawancin ɗalibai. Kafin ka duba sunan kamfani, ka san abin da kake nema a wurin kyamarar.

Masu talla za su fara maka da megafiksel, wato ma'aunin yawan ɗigon da ke cikin hoto: 30, 48, har sama da haka. Ka share wannan lambar. Ainihin idon da ke cikin yawancin kyamarorin nan bai wuce megafiksel 2 zuwa 5 ba, sauran manhaja ce ke buɗa hoton, ya cinye wuri a katin memori ba tare da ya ƙara komai ba. Kai ba gasar hoto ka shiga ba. Tambayar da masu jarraba kundinka za su yi ita ce: dabbar da ba ka gani a wuri kaza ba, babu ita ne, ko kyamararka ce ta yi barci?

Amsar tana wurin na'urar jin ɗumi da ke gaban kyamarar. Motsi kaɗai ba ya tayar da ita, sai wani abu da ɗuminsa ya bambanta da na bayansa ya ratsa gabanta. Shi ya sa maciji da ƙadangare kan wuce ba a sani ba, shi ya sa kuma da tsakar rana, idan ƙasa ta yi zafi daidai da jikin dabba, gada za ta iya wucewa kyamara ba ta ce uffan ba. A ɗaya gefen, ciyawar da rana ta gasa tana kaɗawa a iska za ta cika maka kati da hotunan wofi. Sai saurin ɗauka: kyamarar da ke ɗaukar daƙiƙa guda kafin ta farka, wutsiya za ta riƙa ba ka, ko fili babu kowa.

A nan ne na fi yarda da kyamarorin kamfanin Reconyx, musamman samfurin HyperFire 2, kuma ba na ɓoye hakan. Tana ɗauka cikin daƙiƙa 0.2, tana jera hotuna a kai a kai kusan kamar bidiyo, kuma kamfanin bai damu da gasar megafiksel ba, hotonta bai wuce megafiksel 3 ba. Batir 12 take ci, wanda ke nufin watanni a daji ba ka koma ba. Kamfanin yana ba da garantin shekara 5, wato har ka gama digirinka ƙanenka a sashe ya gaje ta. Amma abin da ya fi ɗaure ni da ita shi ne daidaito. Idan ka jera goma, halinsu kusan ɗaya ne, abin da wannan za ta ji waccan ma za ta ji. Ga mai lissafin yiwuwar gano dabba, wannan ya fi kyan hoto nesa ba kusa ba, domin duk bambancin da ke tsakanin kyamarori zai shiga bayananka ya yi kama da bambanci tsakanin wurare. Akwatinta yana jure ruwa da raɓa, agogonta yana riƙe lokaci, saitinta kuma yana ba ka damar sa ta ɗauki hoto ɗaya kowace rana ko da babu abin da ya wuce. Wannan hoton na kullum shi ne shaidarka cewa tana raye. Idan ta mutu, ka san ranar da ta mutu, ka san adadin dararen da za ka ƙirga. Ba tare da shi ba, ƙirgen dararen aikinka kintace ne.

Aibinta tsada. Kuɗin ɗaya zai iya sayen kyamarar kamfanin Browning biyu ko uku, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce, tunda yawan wurare shi ma ƙarfi ne a lissafi. Aikin Snapshot Serengeti da aka fara a Tanzaniya a 2010 kyamara 225 ya shimfiɗa a fili mai faɗin murabba'in kilomita 1,125, kuma ba da mafi tsada suka yi shi ba. To amma suna da ma'aikatan da ke zagayawa suna maye gurbin wadda ta lalace. Kai da kake kai kaɗai, kyamarar da ta mutu a mako na biyu rami ce a tsakiyar bayananka.

Browning ita ce ta biyu a wurina, musamman idan halayyar dabba kake nazari kana buƙatar bidiyo mai kyau. Bushnell ta cika kasuwa, sai dai samfurinta yana yawan sauyawa, wadda ka saya bana ba lallai ka sami irinta baɗi ba. Masu aika hoto ta layin waya ka bar wa mafarauta, batir suke sha, kuma inda kake aiki da wuya a sami sabis.

Wuri ɗaya ne zan ce ka duba kyamarar Cuddeback mai farar walƙiya, wato idan aikinka gane ɗaiɗaikun dabbobi ne ta zanen jikinsu. Wannan ita ce hanyar da Ullas Karanth ya buɗe a 1995 a dajin Nagarahole na Indiya, inda ya ƙiyasta yawan damisar Asiya ta hanyar ratsin jikin kowace ɗaya. Hoton dare na hasken infirared, wato hasken da ido ba ya gani sosai, baƙi da fari ne, kuma dabba mai tafiya kan fito a dishe, ba ka iya bambance tabon wannan damisa da na waccan. Farar walƙiya tana ba ka launi da kaifi, amma dabba na ganinta, ɓarawo ma haka. A cikin infirared ɗin ma akwai iri biyu: mai nanomita 850 yana ɗan jan haske kuma ya fi kai wa nesa, mai 940 ba a ganinsa da ido amma hotonsa ya fi duhu. Inda mutane ke yawan wucewa, ka ɗauki na biyun. Duk wadda ka zaɓa dai, kada ka gauraya samfuri a bincike ɗaya.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Kasuwar intanet cike take da kyamarori marasa asali: akwati ɗaya, suna goma, kowanne da alkawarin megafiksel 48 da saurin da babu wanda ya auna. Araha ba ta ado. Wasu da zarar ka sauya batir agogonsu ya koma wata shekara can baya, kuma hoton da ba shi da lokaci na gaskiya ba shi da amfani ga mai nazarin sa'o'in da dabba ke fita, ko mai amfani da ƙa'idar tazarar minti 30 don raba ziyara da ziyara.

Amma jabun katin memori ya fi jabun kyamara mugunta, domin kyamara mai kyau ma ba ta tsira daga gare shi. Wani ɗan kasuwa ya taɓa sayar mini da katuna a cikin leda mai hatimi, da sunan babban kamfani a jiki, na kai su daji suka yi zamansu. Da na dawo na buɗe a kwamfuta, ga sunayen hotuna reras, amma daga wani wuri zuwa ƙarshe babu wanda ya buɗu. Aikin lokaci guda na shekara ya tafi, kuma ba a sake shi sai shekara ta zagayo. Yadda suke yi shi ne su ɗauki kati mai GB 8, su sauya bayanin cikinsa ya riƙa cewa shi 64 ne. Kwamfuta za ta yarda, kyamara za ta yarda, hotunan farko za su fito lafiya lau, don haka gwajin hoto biyu-uku a ɗaki ba zai tona asirinsa ba. Sai ya cika ainihin cikinsa, sannan ya fara zubar da sabbin hotuna ko ya hau kan tsofaffi. Maganinsa ɗaya ne: kowane kati, ba samfur daga ciki ba, ka gwada shi da H2testw a Windows, ko F3 a Linux da Mac. Manhajar za ta cika katin har baki sannan ta karanta abin da ta rubuta. Tana ɗaukar sa'o'i, ka ba ta. Ka tsaya a kan GB 32 zuwa ƙasa sai ka tabbatar kyamararka na karɓar wanda ya fi haka, ka guji ƙaramin katin waya da ake zurawa a cikin gidan babban kati, kuma ka goge katin a cikin kyamarar kanta kafin ka ɗaure ta.

Batir ma ana yin jabunsa. Na litiyam na gaskiya ya fi na gama-gari rashin nauyi, kusan giram 15 ne a kan 23, don haka sikelin ɗakin gwaji zai gaya maka gaskiya kafin ka fita. Masu caji kuwa bolt 1.2 suke bayarwa maimakon 1.5, sai ka duba ko kyamarar tana da saitinsu, in ba haka ba za ta riƙa nuna batir ya kusa ƙarewa alhali yana cike.

Da kayan sun iso, kafin wa'adin mayarwa ya wuce, ka jera kyamarorin gaba ɗaya a tsayi ɗaya, ka daidaita agogonsu, ka ratsa gabansu a mita 5, da 10, da 15, da rana da kuma dare. Wadda ta kasa ganinka inda 'yan uwanta suka gan ka, ka mayar da ita.