Gidan kiwon da ke sayar da 'yan awaki tare da tarihinsu

Shekara guda ke nan da na sayi 'yan awaki mata uku, jajaye irin namu na Maradi, a wani gidan kiwo da ke kan hanyar Tibiri, kuma tun da biyu daga cikinsu sun haihu, na ga ya dace in bayyana abin da na gani ga masu niyyar fara kiwo.

Abin da ya bambanta gidan da kasuwar dabbobi shi ne littafi. A kasuwa dillali zai buɗe bakin dabba ya nuna maka haƙora, ya shafa gadon bayanta, sai a shiga ciniki, amma babu mai iya gaya maka yadda ta yi kwanakinta na farko a duniya, alhali a can ne ake gina akuya ko a lalata ta. A wannan gida kowace 'yar akuya tana da shafinta: ranar haihuwa, nauyin da aka haife ta da shi, ko tilo ce ko tagwaye, ranar yaye, da ranar da aka yi mata rigakafin annobar ƙananan dabbobi. Mai gidan ya fi tsayawa a kan dakashi, kuma yana da gaskiya, domin 'yar akuya ba ta samun kariya daga cututtuka tun a cikin uwarta, sai ta wannan nono na farko, kuma hanjinta yana daina ɗaukar wannan kariya cikin kimanin awa 24 bayan haihuwa. Wadda ta rasa shi takan faɗa zawo, ta tsumbure, kuma ko ta rayu da wuya ta kamo 'yan'uwanta.

Shawarar da ta fi yi mini amfani ita ce ta barbara. Jar akuya tana saurin balaga, kuma a gidajenmu, inda bunsuru ke yawo tare da kowa, sau da yawa 'yar wata biyar ko shida takan ɗauki ciki, ta kwashe wata biyar tana ciyar da ɗa da jikin da bai gama ginuwa ba, ta haifi ƙaramin ɗa, nononta ya yi kaɗan, ita kuma girmanta ya tsaya. An gargaɗe ni da kada in haɗa su da bunsuru sai sun kai kusan kashi biyu cikin uku na nauyin babbar akuya. Biyun da aka haifa tilo sun kai a kan lokaci. Ta ukun, wadda tagwaye ce kuma ta fi su ƙanƙanta tun haihuwa, na jinkirta mata da wata biyu, kuma yanzu cikinta ya tsufa.

Akwai inda gidan ya gaza, kuma ya dame ni ƙwarai. Sun saba wa dabbobin da dusa mai yawa, amma ba su faɗa mini ba, sai na kawo su gida na zuba musu harawa da 'ya'yan gawo kai tsaye, suka ƙi ci sosai, suka rame na kusan mako biyu. Wanda ya iya rubuta nauyin haihuwa bai kamata ya manta da rubuta abincin da ya saba ba su ba. Samun mai gidan a waya ma yana da wuya.

Farashinsu ya fi na kasuwa, amma ban yi nadamar ƙarin ba. Bayan kaka zan koma in ƙara biyu, kuma wannan karon ba zan ɗaure igiya ba sai an rubuta mini ma'aunin abincinsu a shafin.