fe80::1%eth0/64 ko fe80::1/64%eth0? Ɗauki na farko

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambayi wanne ne daidai cikin biyun nan wajen rubuta adireshin IPv6 mai farawa da fe80, wato wanda ke aiki a cikin hanyar sadarwa ta kusa kawai. Rubuta fe80::1%eth0/64: adireshi, sai alamar % da sunan ƙofar (wato interface, inda na'ura ke haɗuwa da hanyar sadarwa), sai /64, tsawon sashen da ke nuna hanyar sadarwar, a ƙarshe. Haka RFC 4007, takardar ƙa'idar intanet ta shekarar 2005, ta tsara.

Na farkon yana da daɗin aiki saboda yadda manhaja ke karanta shi. Tana yanke rubutun a kan alamar /, abin da ya rage a hagu, wato fe80::1%eth0, adireshi ne cikakke da za ka miƙa wa umarnin ping (na gwada ko na'ura tana amsawa) ko ssh (na shiga wata na'ura daga nesa) yadda yake, na dama kuma lamba ce zalla. Ko ipaddress, sashen sarrafa adireshi na yaren shirya manhaja Python, tun daga sigar 3.9 yana karɓarsa a wannan tsari. Dalilin % ɗin ma shi ne kowace ƙofa a na'ura tana da nata adireshin fe80, in ba ka faɗi ƙofar ba, kwamfutar ba ta san ta inda za ta fitar da saƙon ba.

Na biyun kuwa, manhaja za ta tarar da "64%eth0" a inda take jiran lamba, sai ta ƙi. Iyakar abin da zan ce a kansa ke nan.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne abin da ke biyo bayan %. A Linux suna ne, eth0 ko enp3s0, ip link zai nuna maka. A Windows lamba ce, kamar %12, tana fitowa a ipconfig. Ma'anarsa ta tsaya a kan na'urar da ka rubuta shi, don haka in ka kwafi %12 daga kwamfutar ofis a Jidda ka tura wa abokin aiki a Makka, a tasa wataƙila 12 wata ƙofar ce daban. Sunan da ke da / a cikinsa, irin GigabitEthernet0/1, kada ka sa shi nan, zai rikita wurin yankan. Sa lambar ƙofar. Umarnin ip addr add shi ma ba ya son %, rubuta fe80::1/64 dev eth0. A scp, umarnin kwafar fayil tsakanin na'urori, kuma sai ka kewaye adireshin da [ ] kafin alamar : ta ƙarshe. Burauza dai yawancinsu ba sa karɓar % ɗin nan, kada ka ɓata lokacinka.

Ba ka tambaya ba, amma in tsohuwar rauta (na'urar rarraba intanet) za ka saya a haraj, wato kasuwar gwanjo, kada "yana yin IPv6" na mai sayarwa ya ishe ka. Wasunsu ko kunna ta ba su taɓa yi ba. A jona ta a gabanka, ka buga ping ff02::1%eth0 daga laftof ɗinka (ff02::1 adireshi ne da ke kiran duk na'urorin da ke jone da ƙofar), ka ga ta amsa da adireshinta na fe80 kafin riyal ɗinka ya bar aljihu.