Google Earth da zancen birnin da ya nutse: abin da na gani bayan zango guda ina koyarwa da ita

Ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a cikin birnin Kano, kuma abin da ya sa na zauna na gwada manhajar Google Earth da gaske shi ne wani ɗan bidiyo da ɗalibina ya kawo mini a wayar yayansa. A bidiyon ana nuna wasu layuka da suka gitta juna a ƙarƙashin Tekun Atlantika, tamkar titunan unguwar da aka yanka filayenta da awo, mai magana kuma yana rantsuwa cewa birnin Atlantis, wanda ake cewa ya nutse cikin teku tun zamanin da, shi ne ya bayyana. Yaron ya ce, "Malam, wai da gaske ne, ko kuwa haɗi ne?" Na ce masa ya ba ni mako guda. Makon nan ya zama zango guda, domin tun daga ranar ban sake shiga darasin taswira ba tare da kwamfutata ba.

Manhajar kyauta ce. Ana buɗe ta a waya, ana buɗe ta kai tsaye a intanet, akwai kuma Google Earth Pro ta kwamfuta, wadda aka daina sayarwa tun 2015, kuma ita na fi so saboda tana nuna tsofaffin hotunan wuri shekara bayan shekara. A kan tudu ba ni da abin kushe. Ranar farko na sauko da ɗalibai daga sararin samaniya har kan Dutsen Dala, muka leƙa Goron Dutse, muka bi abin da ya rage na ganuwa, muka tsaya a kan marinar Ƙofar Mata. Wata yarinya ta gane rufin gidansu ta wurin bishiyar darbejiyar da ke ƙofar gida, ajin ya kaure da hayaniya har sai da na buga tebur. Da muka koma tsofaffin hotuna kuwa, muka ga kududdufan da aka cike aka yi gini a kansu, sai kowa ya yi tsit. Shekaru na yi ina zana wannan a allo, bai taɓa shiga kan yara kamar yadda ya shiga a wannan safiya ba.

Cikin teku ne ake bukatar hattara, kuma a nan na fi daɗewa. Abin da mutum yake gani a kan tudu hoto ne da aka ɗauka daga tauraron ɗan'adam ko jirgin sama. Abin da yake gani a ƙarƙashin teku kuwa zane ne da kwamfuta ta haɗa daga lissafin zurfi, domin haske ba ya kai wa can, balle kyamara ta hango daga sama. Da yake duka biyun suna fitowa a fuskar kwamfuta ɗaya, ido ba ya bambance su sai an faɗa wa mai kallo. Akwai ɗan rubutu a ƙasan hoton da ke ambaton hukumomin da suka ba da bayanan, irin su NOAA da GEBCO da rundunar sojan ruwan Amurka, amma ƙanana ne ƙwarai, kuma babu ɗalibi ko ɗaya da ya lura da shi kafin na nuna.

Hanyoyi biyu ake bi wajen samun zurfin. Ta farko ita ce auna doron teku daga tauraron ɗan'adam, saboda babban dutsen da ke ƙarƙashin ruwa yana jan ruwa zuwa kansa har saman teku ya ɗan yi tudu a wurin. Wannan hanya tana game tekun duniya baki ɗaya, sai dai zanenta dishi-dishi ne. Ta biyu ita ce jirgin ruwa ya aika sauti ƙasa ya jira amsa-kuwwa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwan teku, don haka a wuri mai zurfin mita 5,000 amsar tana dawowa bayan daƙiƙa 7 ba kaɗan. Wannan awo ya fi inganci nesa ba kusa ba, amma iyakarsa inda jirgin ya bi. Idan aka ɗora siririn awon jirgi a kan wancan zane mai dishi-dishi, sai ya fito kamar facin shadda a kan rigar akoko, gefen ɗinkin yana bayyana. Kuskuren kashi 1 cikin 100 kawai a irin wannan zurfi mita 50 ne, wanda ya isa ya zama kamar katanga ko kwazazzabo a zanen. Jirgin bincike kuwa ba ya yawo barkatai. Yana tafiya ne yana dawowa kamar mai huɗa a gona, sannan ya gitta kunyoyin nasa domin ya tabbatar da awonsa. Titunan da yaron ya gani sawun jirage ne.

Labarin ma tsoho ne. An ƙara sashen teku a manhajar a watan Fabrairun 2009, kuma cikin watan wata jaridar Ingila ta buga cewa an ga Atlantis kimanin kilomita 1,000 daga gaɓar arewa maso yammacin Afirka, ta yammacin Tsibiran Kanari. An kwatanta faɗin wurin da yankin Wales, wato kusan faɗin Jihar Kano gaba ɗayanta. Masana biyu da suka yi fice a wannan fanni, Walter Smith da David Sandwell, sun yi bayani cewa sawun awon jirage ne, kuma a 2012 da aka sabunta bayanan teku, layukan wurin suka dushe. Wannan gyara abin yabo ne. Amma har yanzu akwai irin waɗannan layuka birjik a sassan teku da yawa, ba kuma za su ƙare nan kusa ba, tunda shirin Seabed 2030 na auna ƙasan tekun duniya, wanda aka fara a 2017, ya nuna cewa kimanin kashi 1 cikin 4 kawai na ƙasan teku aka auna da awo mai inganci.

Abin da ya fi gamsar da ɗalibaina shi ne ma'aunin tazara da ke cikin manhajar, kuma a ganina shi ne kayan aikin da ya fi kowanne amfani a cikinta. Na sa su auna tsakanin layi da layi a wani wuri mai irin wannan zane, suka samu kilomitoci masu yawa, sannan na sa su auna tsohon birni daga ƙofa zuwa ƙofa. Da suka ga tsakanin "titi" da "titi" ya haɗiye cikin ganuwa har da saura, su da kansu suka ce wannan ba aikin magina ba ne.

Ita kanta Atlantis, asalinta rubutun Aflatun ne, masanin falsafa na Girka, a wajen shekara ta 360 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, inda ya ba da labarin wani tsibiri bayan mashigar Jibraltar da ya nutse cikin yini da dare guda. Tun daga nan kowa yake ɗora ta inda ya ga dama. Har ƙasar nan an kawo ta, domin Bajamushen nan Leo Frobenius da ya je Ife a 1910 ya ga ƙere-ƙeren Yarabawa, sai ya danganta su da Atlantis, ya ƙi yarda cewa hannun baƙar fata ne ya yi su, kuma wannan raini yana ba ni haushi duk lokacin da na tuna. Garuruwan da suka nutse da gaske kuwa suna nan, kamar Heraklion na Masar da aka gano a 2000 kusa da Iskandariyya, cikin ruwa mai zurfin mita 10 ko kusa da haka, inda masu nutso suka fito da gumaka da allunan rubutu da hannunsu.

Ga malamai da iyaye, ina ba da shawarar a sauke ta, amma a zauna tare da yaro a karon farko a nuna masa bambancin hoto da zanen lissafi. A kuma tanadi data, domin tana ci sosai, kuma idan sabis ya yi rauni hotunan sukan tsaya rabi da rabi. A waya ana iya kallo, sai dai awo ya fi daɗi a kwamfuta. Yaron da ya kawo bidiyon yanzu shi ne yake riƙe mini linzamin kwamfuta a aji, kuma aikin da na ba su na hutu shi ne kowa ya auna tazarar gidansu zuwa Dala ya kawo mini a rubuce.