Katin biki: mai shagon unguwa ko mai Instagram?

Ƙanwata, na ga tambayarki tun jiya da daddare, sai yanzu na samu zama. Kin ce bikin 'yar yayarki saura sati 7, an ɗora miki nauyin kati, kuma kin rasa wanda za ki ba wa aikin: mai shagon buga takardu da ke kusa da ku a nan Kano, ko wata mai yin kati a Instagram da ke zaune a Legas, wadda hotunan aikinta suka tafi da hankalin amarya. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin lafiya. Na aurar da ƙanne biyu da 'ya ɗaya, kuma duka hanyoyin nan na bi su, don haka abin da idona ya gani zan faɗa miki.

Ki fara tuna cewa katin bikinmu ba guda ɗaya ba ne. Akwai na ɗaurin aure, wanda iyaye maza za su raba a masallaci da kasuwa da wurin aiki, shi ne mai yawa. Akwai na mata mai ɗauke da kamu, sa lalle, yini da walima. In za a yi dina, ga ƙaramin katin shiga da ake nunawa a bakin ƙofa. Wanda ya fi dacewa da wannan ba lallai ya dace da wancan ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu.

Wajen kyau, gaskiya ɗaya ce, mai Instagram ta fi. Katin roba mai kama da gilashi, rubutun ruwan gwal da ake danna shi da ƙarfe mai zafi, ambulan mai kintinkiri, ɗan akwati mai hatimi, duk wannan sana'arsu ce, sun kuma iya haɗa launi da ankon biki. Sai dai ki sani, da yawansu ba su da inji ko ɗaya. Zane suke yi, su kai aikin Shomolu, unguwar da masu buga takardu suka yi sansani a Legas, su karɓo su shirya su aiko. Ba laifi ba ne, amma yana nufin tsakaninki da wanda zai danna injin akwai mutum biyu ko uku, kuma kowane gyara sai ya ratsa ta hannunsu.

Mai shagon unguwa kuwa yawanci hanya biyu gare shi. In katin bai da yawa, zai kai shi injin da ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta, wanda suke kira DI, a yini ɗaya ma ana iya gamawa. In ya kai ɗaruruwa masu yawa, sai a yi masa faranti, wato fallen ƙarfen da ake fitar da zanen a kansa, a ɗora a babban inji irin Kord ko GTO. Kuɗin farantin sau ɗaya ake biya, shi ya sa duk yadda adadin ya ƙaru, kuɗin kowane kati yake sauka. Katin ɗaurin aure guda 500 ko 1,000, wannan hanyar ce tasa, babu ma abin tattaunawa. Ki dai tambaye shi nauyin takardar. Mai giram 300 zuwa 350 ita ce ke tsayawa a hannu da ƙwarinta. In aka sauko ƙasa da 250 sai ki ga tana lanƙwashewa a aljihun babbar riga kafin a kai ta inda za ta.

Inda na fi so ki tsaya ki yi tunani shi ne rubutun da ke jikin katin, domin shi dattawa suke dubawa, ba kintinkiri ba. A bikin ƙanwata ta biyu mun ba wata daga nesa aikin katin mata. Kwali ya iso ranar Talata, muka zauna a tsakar gida muna buɗewa, kowa na yaba kyansa. Gwaggonmu ta ɗauki ɗaya, ta sa tabaranta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ajiye shi a kan tabarma ta ce, "Wannan ba sunan yayana ba ne." An juya sunan mahaifinmu da na kakanmu, an kuma cire "Marigayi" daga gaban sunan. Addu'ar Larabci da ke sama kuwa haruffanta sun rarrabu, kowane yana zaman kansa, an jero su daga hagu. Haka na faruwa in aka kwafa rubutun Larabci cikin manhajar zane irin CorelDRAW ba a saita ta ba, kuma wanda bai yi allo ba ba zai taɓa gane an yi ɓarna ba. Ranar ban iya cin abincin dare ba. Katin nan ko ɗaya bai fita daga gidan ba.

Yaron shagon unguwarku, ko zanensa bai kai nata ba, ya san bambancin Malam da Alhaji, ya san ana fara ambaton iyalan wane kafin na wane, ya san sarautar mutum ba a wasa da ita. Za ki iya jan kujera ki zauna kusa da shi ki ce a'a, Ɗanjuma da ɗ mai lanƙwasa ne, Ƙofar Mata da ƙ ce. Haruffan nan namu, ƙ da ɗ da ɓ, ba kowane salon rubutu mai ado ne yake da su ba. Wani sai ya bar gurbi ko ya fito da ɗan akwati a wurin. A gabanki za a gani, a gabanki za a canza.

Ga kuma shawara ta daban, ko wa kika zaɓa. Katin biki ƙarshensa shara ne ko ƙasan kujerar mota. Gidaje da yawa yanzu sun daina sa Bisimilla ko aya da Larabci a jiki saboda haka, kuma ni ina tare da su. In kuma za ku sa kwanan watan Musulunci kusa da na Bature, ki tuna sai an ga wata Sarkin Musulmi ya yi sanarwa, don haka lissafin kalanda yana iya saɓawa da kwana ɗaya. Ki rubuta ranar ƙarara, Juma'a ko Asabar, da lokaci da sunan masallaci.

Kada ki ɗauka na unguwa ba shi da nasa ciwon kan. "Hajiya ki dawo gobe" tana iya kai ki sati. Yau babu wuta, gobe inji ya tsaya, jibi an kawo masa aikin da ya fi naki tsoka. A watan Sha'aban da bayan salla da ƙarshen shekara bukukuwa suke cunkushewa, ga masu kalanda, in kuma kakar zaɓe ce fastocin 'yan siyasa sun cinye injinan gari. Maganinsa ki ba shi ranar da ta riga ainihin ranar da kike buƙata da kwana 10, ki ba da kafin alƙalami rabi kawai a rubuta a rasit, ciko sai kin ƙirga kayanki. Mai Instagram galibi sai an biya duka ko mafi yawa take farawa, sannan kaya su kamo hanyar kilomita wajen 1,000 a mota. Katin roba yana karcewa, gefensa yana ɓallewa in ba a naɗe kowane daban ba. In an ɗaga biki ko an canza zauren taro, wanda kin san yana faruwa, na kusa zai sake miki a kwana biyu, na nesa sai dai ki bi mutane da saƙon waya.

Launi ma haka. Abin da kike gani a fuskar waya haske ne, na takarda tawada ce, ba sa zuwa daidai. Ruwan hoda mai haske yakan dusashe, shuɗi mai duhu ya karkata zuwa shunayya ko baƙi-baƙi. Saboda haka duk wanda za ki ba wa aikin, ki ce sai ya buga guda ɗaya tak kin riƙe a hannunki. Mai Legas ta aiko da shi ko da ke za ki biya kuɗin mota. Wadda ta ce hoto ya isa, ki haƙura da ita.

Da ni ce ke, da sati 7 a hannuna, raba aikin zan yi. Katin ɗaurin aure da na shiga dina in ba wa na unguwa. Mai Instagram in ba ta guda 30 zuwa 50 na alfarma, na surukai da iyayen gida da ƙawayen amarya na kusa, in haɗa da goro da alawa a kai musu har gida, amarya ta samu abin da ranta yake so. Amma sai in ta yarda da samfur, kuma ta yi alkawarin kaya za su iso sati 3 kafin biki. In ta ce ba zai yiwu ba, na unguwa ya yi duka a takarda mai kauri, a shafa mata leda marar ƙyalli, tana fitowa da kyau ƙwarai.

Kafin ki tura wa kowannensu ko kalma ɗaya, ki rubuta sunayen a takarda, ki kai wa waliyyin amarya ya karanta da bakinsa, a aika gidan ango su ma su duba nasu. Wannan takardar ita za ki riƙe a hannu ranar da samfur ya fito, ki bi shi harafi bayan harafi.