Hilux mai dizal ko mai fetur: ga wadda zan ce ka saya

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka tambayi wace Hilux za ka saya, mai dizal ko mai fetur. Tunda buhuna za ka riƙa ɗaukowa daga ƙauye zuwa Dawanau, ka sayi mai dizal, wato mai gas kamar yadda muke cewa a tasha, ba iskar CNG ba.

Tawa mai injin dizal samfurin 5L ce, ba turbo, ba wani tarkacen kwamfuta mai yawa. Tsohuwa ce, tana da ƙara, kuma idan gudu kake so za ta ba ka haushi. Amma akwai ranar da ba na mantawa. Mun taso daga wajen Saminaka da lodin masara bayan an kwana ana ruwa, taɓo har rabin taya. Na sa mata giya ta biyu, ƙafata ko rabin totur ba ta kai ba, tana gurnani tana jan kayanta har muka hau kwalta. Muna shiga Kano yaron motata ya riƙa ƙwanƙwasa gilashin mita da yatsa, wai ko allurar mai ta maƙale ne. Ba ta maƙale ba, haka cinta yake.

Ba wani siddabaru ba ne. Injin dizal ba ya aiki da fulogi, iska yake matsewa kusan ninki 20 har ta ɗau zafi, da an fesa mai sai ya kama da kansa. Na fetur kuwa matsewarsa ba ta wuce ninki 10 ko kusa da haka. Ga shi litar dizal ta fi ta fetur ƙarfi da kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Shi ya sa tafiyar da mai fetur za ta sha lita 10, mai dizal lita 7 ko 8 sun ishe ta, kuma ƙarfin jan kayanta tun daga ƙasa yake zuwa, ba sai ka take ta ba.

Mai fetur, mai injin lita 2.7, na riƙe ta wata takwas na sayar. Ba ta da hayaniya, kowane bakanike ya san ta, amma da ka ɗora mata kaya kun zama 'yan gida a gidan mai.

Da kafin 29 ga Mayu 2023 ka tambaye ni, lokacin ana tallafin fetur, dizal kuma ya yi tashin gwauron zabo tun 2022, da wata amsar zan ba ka. Yanzu tazarar ta ragu. Ka duba farashi a unguwarku: muddin litar dizal ba ta ɗara ta fetur da kashi ɗaya bisa uku ba, riba na wajenka.

Idan D-4D, wato mai dizal ta zamani, mai injin 2KD ka samu, ta fi tawa gudu, ta kuma fi ta tsimin mai, sai dai 'yar gata ce. Injektocinta, wato masu fesa mai a injin, ba sa yafe ruwa ko datti. Ni da mai 5L ma na ɗanɗana: na sayi jarka biyu a bakin hanya wajen 'yan bumburutu, ashe an sirka da kananzir, sai da aka sauke famfon mai aka gyara. Da D-4D ce, da kuɗin gyaran ya isa sayen babur. Ka tsaya a gidan mai guda da ka yarda da shi, ka riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a gindin filtar mai.

Sannan ka yi hattara da dillalai, ko da ba ka tambaya ba. Wasu sai sun ɗumama injin kafin ka iso don kada ka ga wahalar tashinsa. Ka je da sassafe, ka dafa injin da hannunka ka ji sanyinsa, sannan a tayar a gabanka. Hayaƙi fari ko shuɗi da ya ƙi ɗaukewa, ka kama gabanka. Ka buɗe murfin baƙin mai tana kunne, in hayaƙi na bugowa da ƙarfi injin ya gaji. Lambar da ke kan mita kuwa kada ta ruɗe ka, juya ta ake yi. 'Yar Kwatano da ta fito daga Turai ka sa a duba ko tana da matatar hayaƙi ta DPF, domin gajeruwar zirga-zirgar cikin gari tana toshe ta.

Da ka biya kuɗi, kafin buhu ɗaya ya hau, ka canza bel ɗin taimin, don 5L da 2KD duk bel gare su, kuma in ya tsinke a hanya injin yake tafiya da shi. Lokacin hunturu ka riƙa kaɗe filtar iska duk mako, ka cika iskar taya, ka tsaya a gudun 80 zuwa 90. In ka samu wadda ta kwanta maka, ka ɗauki ƙarar injin da safe ka turo nan mu saurara kafin ka ba da kafin alƙalami.